Yauƙin da Dokta Ya Wanke

Mai kemis ɗin layinmu, wanda kowa ke kira Dokta ko da yake bai taɓa sa farar riga ba, mutumin kirki ne. Aibinsa ɗaya: ba ya tambaya. Kafin ka gama faɗin inda ke maka ciwo ya riga ya ƙulle ƙwayoyi a leda.

A falonsa akwai akwatin gilashi mai kifin diskus guda biyu, mace da namiji, masu faɗi kamar faifai. Shekara biyu yana ɗumama musu ruwa, yana sauya shi, burinsa kawai ya ga sun hayayyafa. Allah ya nufa suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe 'ya'ya wajen sittin, ƙanana kamar ƙwayar gero.

Bayan 'yan kwanaki Dokta ya ga iyayen sun yi duhu, wani yauƙi fari-fari ya lulluɓe jikinsu, ga 'ya'yan sun yanyame su suna tsattsaga.

"Cutar fata ce," in ji shi. "Kuma ƙananan ita suke ci."

Matarsa ta ce, "Baban yara, ni dai na ga suna iyo lafiya, suna cin abinci. Ka kira tsohon da ya sayar maka da su mana."

"Ni da nake ba mutane magani, kifi ne zai gagare ni? Ko ɗaya ba zai mutu a hannuna ba."

Ya kwashe 'ya'yan ya zuba a roba mai ruwan ɗumi, don ya tsirar da su. Iyayen kuwa ya antaya musu magani shuɗi, washegari ya ƙara da wani. Ni shaida ne, mutumin nan bai yi ƙyuya ba. Ya rufe shago, ya niƙa abincin kifi ya zama gari, ya dama gwaiduwar ƙwai, yana ɗiga wa 'ya'yan da sirinji. Ba su ko kalla ba. Kullum da safe sai ya tsame gawa. Rana ta uku saura tara, yauƙin iyayen kuwa ya tafi fes, har yana nuna wa matarsa.

Ita ce ta kira tsohon, ba da saninsa ba. Tsoho ya zo ya duƙa gaban gilashin, ya daɗe yana kallo.

"Iyayen sun ƙi abinci?" in ji tsohon.

"A'a, Baba."

"Kashinsu ya yi fari? Sun maƙale a lungu? Suna haki?"

"Ko ɗaya."

"To, ɗana, me ka yi wa magani? Diskus in ya haihu yakan yi duhu ya fitar da yauƙin nan, shi 'ya'yan ke ci a kwanakin farko. Nonon uwa ka wanke."

Kunya ta rufe Dokta, amma bai zauna ba. Ya ɗauki bokiti ya shiga sauya ruwan nan kaɗan-kaɗan har shuɗin ya fita, gumi na zuba. Da la'asar ya mayar da taran da suka rage. Nan da nan suka nufi uwar, suka manne a gefenta suna tsattsaga, suka koma kan uban, suka sake dawowa. Babu abin ci. Yana tsaye yana kallo har na ƙarshe ya mutu ya sauka ƙasan gilashin.

Darasi: ba kowane sauyi ba ne cuta, kuma himma ba ta maye gurbin sani. Kafin ka miƙa hannu ga magani, tsaya ka duba alamu, ka tambayi wanda ya riga ka. Wanda ya yi magani bai gano ciwo ba, sau da yawa abin da yake so ya ceta shi yake kashewa.