Kurege Mai Auren Lemon Ƙarya

"Ga ta nan, ga ta nanku, yaran gidan nan."

"Ta zo mu ji ta, Goggo, kunnuwanmu na nan!"

To, ku ajiye ɓawon lemon nan, ku daina fesa wa juna ruwansa a ido. Ta yau ba ta dariya ba ce.

An yi wani Kurege a wani gari na bakin kogi, inda kowa lambun lemo ne sana'arsa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tilo, sunanta Kyauta. Duk duniya ita kaɗai yake so tsakani da Allah. Sauran mutane kuwa, da ya gan su sai ya fara tunanin ta inda zai cuce su.

A garin akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, mai wata ƙatuwar bishiyar lemun zaƙi a tsakar gidanta. Ita ce ta iya yi wa lemo aure. Kurege ya je ya durƙusa ya ce, "Iya, koya mini."

Ta ce, "Zauna ka gani. Ka ga wannan lemo mai kurzunu? Ɗansa ga tsami ga ɗaci, ko akuya ba ta kallonsa. Amma saiwarsa ƙarfi gare ta, ba ta tsoron fari, ba ta tsoron cuta. Shi ake fara shukawa. In ya kai kaurin yatsa, sai ka tsaga ɓawonsa, ka yanko ido daga reshen mai zaƙi, ka cusa a ciki, ka ɗaure. In idon ya kama ya yi toho, ka sare kan mai kurzunun. Gindi nasa, 'ya'ya na mai zaƙi. Auren ke nan."

Kurege ya gwada, ƙaya ta soke shi. Ya sake gwadawa, idon ya bushe. Ya sake, idon ya ruɓe. Ya yar da wuƙar ya ce, "Haba! Ni zan zauna ina lallashin itace kamar jinjiri?"

Ya koma gida ya shuka mai kurzunu fili guda. Da suka tasa, ya tsaga ɓawonsu, ya ɗaura musu tsumma, bai sa ido ko ɗaya ba. Ya sare kawunansu, suka yi toho ta gefe, har da 'yar gwiwar nan irin ta mai aure. In ka gani sai ka rantse aikin Iya Tabawa ne.

Ya ɗauka ya je wurin Jatau, mai lambun lemun zaƙi. Ya ce, "Malam Jatau, waɗannan itatuwan naka na kakanni sun tsufa. Ga tsawo, ga ƙaya, ga rowar 'ya'ya. Sare tsoho, dasa mai aure! Gajere ne, da wuri yake haihuwa, fatake za su yi layi a ƙofarka."

Jatau ya saya, ya sare, ya dasa.

Ya je wurin Nomau, mai lambun tanjirin, wanda ake ɓarewa da farce. Ya ce, "Sare tsoho, dasa mai aure!"

Nomau ya sare, ya dasa.

Bai bar matan gari ba. Kowacce tana da lemun tsaminta a bayan ɗaki, wanda take matsawa a kunu, take jiƙa wa yara in mura ta kama su. Ya ce, "Sare tsoho, dasa mai aure!" Su ma suka sare. Daga kan kogin har ƙarshensa sai da gatari ya bi. Da sun murza ganye ɗaya sun shinshina, da sun gane, amma kwaɗayi ya rufe musu hanci. Iya Tabawa ta yi ta magana, aka ce kishi take yi.

Kurege ya tattara abin da ya samu, ya ɗauki 'yarsa, ya haura can kan duwatsu, inda ko ciyawar kirki ba ta fitowa. Ya yi zamansa yana ci yana lashe baki.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har itatuwa suka yi fure suka haihu. Fatake suka zo da jakuna. Suka yanka ɗaya, suka lasa, suka tofar. Suka yanka wani, suka tofar. Ko buhu ba su kwance ba suka juya. Yunwa ta shiga garin, ta yi zaman dirshan.

Can kan duwatsu kuwa, Kyauta ta kwanta. Dasashinta ya kumbura yana jini, bakinta ya yi gyambo, jikinta ya yi zafi, ba ta iya tauna komai. Hankalin Kurege ya tashi. Ya kirawo Bushiya mai magani. Bushiya ta buɗe bakin yarinyar ta duba, ta ce, "Yaushe rabon yarinyar nan da ɗanyen ɗan itace? Jikinta lemo yake nema. Ka matsa mata mai zaƙi, kaɗan-kaɗan, safe da yamma. Kada ka ba ta mai tsami, zai ƙone mata baki. Ka yi sauri."

Kurege ya san abin da ya dasa. Amma ya ce a ransa, ai ba za a rasa tsohuwar bishiya ɗaya da ta tsira ba. Ya goya 'yarsa ya gangaro. Yana tafe tana cewa a bayansa,

"Baba, lemo.
Baba, mai zaƙi."

Yana ce mata, "Yi haƙuri, uwata, mun kusa."

Ya isa lambun Jatau. Jatau na zaune a gindin itace, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Kurege ya ce, "Malam Jatau, don girman Allah, lemo ɗaya. 'Yata ce ba lafiya."

Jatau bai zage shi ba, bai ɗaga sanda ba. Ya nuna masa lambun ya ce, "Tsinka. Kai ka dasa."

Kurege ya tsinka, ya ce ko Allah zai sa wannan ya bambanta. Ya matsa mata ɗigo ɗaya a baki. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta sanƙare, hawaye na zuba. Ya goya ta ya wuce.

"Baba, lemo.
Baba, mai zaƙi."

Muryar ta yi ƙasa. Ya isa lambun Nomau, ya tarar da matar Nomau ita kaɗai. Ta ce, "Maigidan ya tafi neman abin da za mu ci tun bara, har yau shiru. Tanjirin kake so? Ga kututtukansa can, gara na ci. Sauran kuwa, tsinka. Kai ka dasa."

Sai a lokacin Kurege ya tuna da bishiyar tsohuwar nan. Ya ruga gidan Iya Tabawa, don ita kaɗai ce ba ta sare ba. Yana gudu yana cewa, "Mun samu, uwata, mun samu!"

Yana shiga tsakar gida ya tsaya cak. Bishiyar na nan, amma duk an aske mata rassa, ko ɗa ɗaya babu.

Iya Tabawa ta fito da sanda. Ta ce, "Kai ne? Mutanen da ka cuta ne suka zo suna kuka. Na ce su yanki rassa, su je su sa wa itatuwan nan naka ido na gaskiya. Gari guda a kan bishiya ɗaya, ka ga kuwa bana ko fure ba ta yi ba. Amma idanun sun kama. Baɗi waccan, in Allah ya kai mu, garin nan zai sha lemo."

Kurege ya ce, "Iya, baɗi waccan? Yau nake so! Yanzu nake so!"

Tsohuwar ta zagaya bayansa don ta ga yarinyar. Ta ɗaga zanen goyon, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Sauke ta, ɗana. Ba ta jira ba."

Wayyo, yara, ni ma duk lokacin da na zo nan sai zuciyata ta karye, ko da yake na tsani halinsa. Babu wanda ya zo jana'iza sai tsohuwar. Da faratansa ya haƙa ramin, yana haƙa yana kiran sunan 'yar. Shi ya sa har yau in kun ga kurege, za ku gan shi yana tono, ya tsaya ya miƙe yana dube-dube, ya koma tono.

To kun ji. In za ku sayar wa mutum abu, ku sayar masa da na gaskiya, domin wata rana a hannunsa za ku je nema, kuma ran nan ba ku da zaɓi.

Ƙurunƙus! Ta ƙare a kan kurege. Ku tashi ku wanke hannu.