Ƙarfen da Manzo ya sa a murhu

Ramla, kin tambaya me ake nufi da "bam mai jiran lokaci". Ni bokona bai yi nisa ba, amma ga abin da zan iya gaya miki.

Akwai wani makiyayi, Manzo, a wani ƙauye arewa da Belbeji. Ya tsinci wani ƙarfe mai nauyi a daji, duk ya yi tsatsa, ya ɗora wa jaki ya kawo gida. Garinsu rairayi ne, dutse sai an je nesa. Ya ce wa matarsa Dado ta sa shi a murhu, tunda dutse ɗaya ya tsage.

Wata biyu tana girki a kansa.

Ran nan da hantsi yayanta Habibu, tsohon soja, ya zo gaishe su. Ya leƙa madafa, wuta na ci, tukunya na tafasa. Sai ya tsaya cik.

A hankali ya ce, "Dado, ajiye muciyar. Kar ki ture komai. Ɗauki jaririyarki ki fito."

"Yaya, lafiya?"

"Fito dai."

Manzo ya yi dariya. "Soja, har gida tsoro ya biyo ka? Wata biyu muna cin tuwo a kansa."

"Harsashin babbar bindiga ne. Irinsa in bai tashi ranar da aka harba shi ba, ba mutuwa ya yi ba. Jira yake. Ga shi kun sa masa wuta."

 Habibu ya buga wa jandarma waya, maƙwabta suka kwashi iyalansu suka gudu. Manzo ya ce shi sai ya sauke tukunyar kowa ya ga ƙarya ce. Habibu ya rungume shi ta baya, ya ja shi har bakin rijiya.

Can suka tsaya suna kallon hayaƙi. Kafin jandarma su iso, ƙasa ta girgiza.

Madafar babu ita, rabin ɗakin kwana ya tafi. Manzo ya zube ƙasa, yana kallon matarsa da ƴarsa.

Darasi: Shirun abu mai haɗari ba lafiya ba ce. Shi ya sa gabar da aka binne a cikin gida, ko ciwon da aka ƙi kaiwa likita, ake kiran su da wannan suna. Baƙon ƙarfe a daji kar ku taɓa, ku gaya wa jandarma. In wanda ya sani ya tsawatar, a sauke girman kai. Don Allah ku tura wa ƴan uwa makiyaya.

Bari in tashi, ga baƙi na sallama a ƙofa.