Bunsurun da Ya Cinye Hanya

An yi wasu abokai uku a wani gari da ke gindin duwatsu: Kurege da Bushiya da Bunsuru. Kowannensu yana da kekensa. Kurege ɗan yawo ne, babu lungun da bai sani ba a ƙasar. Bushiya kuwa ba ta san gaggawa ba, ko gobara ake yi sai ta gama gaisawa. Shi kuma Bunsuru, Allah Ya shirye shi, abin da cikinsa ya ce shi yake yi.

Wata rana bayan girbi, Goggo Rema ta aiko musu da gayyata. Ita tsohuwa ce mai kyauta, tana zaune a wani ƙauye da ake kira Kan Tsauni, can a ƙololuwar duwatsu. Ta ce su zo walimar kaka, kowa an ware masa kasonsa. Bunsuru an ajiye masa damin harawar wake, ɗanya shar, da ƙwaryar dusa, da dankali.

Tun da Bunsuru ya ji wannan saƙo ya daina cin abinci. Wai yana so ya bar wa harawa wuri.

Da safe suka haɗu a bakin gari, kowa ya duba iskar tayarsa. Kurege ya ce, "Ku saurara da kyau. Hanyar cikin duwatsun nan rikici gare ta, mararraba ta yi yawa. Ni zan yi gaba. Duk inda hanya ta rabu biyu, zan karyo reshe in gicciya a kan wadda ba a bi. Wadda na rufe ku bar ta, wadda na bari a buɗe ku bi."

Bushiya ta ce, "Na gane, Malam Kurege."

"Kai fa, Bunsuru, ka ji?"

"Na ji mana. Ka ce harawar ɗanya ce, ko?"

"Ni maganar hanya nake yi maka!"

"Ai duk ɗaya ne. Hanyar ba wurin harawar za ta kai mu ba?"

Kurege ya girgiza kai, ya kaɗa ƙararrawa, ya ɓace. Bunsuru ya bi shi yana haki. Bushiya kuwa tun a ƙauyen farko ta sauka ta soma gaida tsofaffi, tana tambayarsu yaya amfanin gona.

Hanya ta yi ta hawa tana gangarawa. Ga rumbuna a jikin tsaunuka, ga kara an tsayar a gonaki, ga rafi yana walƙiya a cikin kwari. Bunsuru bai ga ko ɗaya ba. Cikinsa ne kawai yake yi masa magana.

Da ya iso mararraba ta farko, sai ga reshen zogale a gicciye a hanyar hagu, ganyen lus-lus. Ya taka birki. Ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Ai na riga na ga alamar," in ji shi. "Alamar da aka gani kuma me ya rage mata?"

Ya tsinki ganye ɗaya. Ya ƙara wani. Kafin ka ce me, sai tsinke. Ya goge gemu ya bi dama.

A mararraba ta biyu reshen ceɗiya ne. A nan ne ya tuna da Bushiya, amma ba irin tunawar da kuke zato ba. Cewa ya yi a ransa, "Idan ba ta ga alama ba, ba za ta iso ba. Idan ba ta iso ba, kasonta zai zama ba mai shi. Ai kuwa ba zan bari abinci ya lalace ba." Ya cinye ganyen tas, ya gwaigwayi itacen, ya yar.

A mararraba ta uku rana ta yi zafi. Bunsuru ya ja abin da Kurege ya ajiye zuwa inuwar wani dutse, ya zauna a kansa. Ganyen na da ɗan bauri, amma ya ce abin kyauta ba a yi masa tsirfa. Da ya tsaya ya duba, da ya ga filasko ne, wanda ko yaro ya san da shi ake wanke ciki.

Da ya gama ya tashi, ya kama keke, sai ya tsaya cak.

"To, a wace hanyar ma na ɗauko shi?"

Ya dubi ta dama, ta miƙe sama, hawa ne mai tsinka numfashi. Ya dubi ta hagu, gangara ce sumul. Ya koma inuwar dutsen ya shinshina, ya dawo, ya sake komawa. Ya zaga keken har sai da ya manta ta inda ya fito.

"Kurege ai mai wayo ne," in ji shi. "Ba zai bar gangara ya bi hawa ba."

Wanda zai je Kan Tsauni ne fa yake wannan lissafi. Ya saki birki, iska na kaɗa masa gemu, yana murna ya sami sauƙi.

Can ƙasa ya faɗa wani ƙauyen zabbi. Ko sauka bai yi ba, balle sallama. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ku! Ina hanyar Kan Tsauni?"

Zabbi suka taso gaba ɗaya.

"Dama!"

"Hagu!"

"Damarsa ko damarmu?"

"Ya bi ta bayan rumbun Baba Tsoho!"

"Ai rumbun ya rushe tun bara!"

"To, ya bi ta inda rumbun yake a da mana!"

Wata tsohuwar zabuwa ta matso ta ce, "Malam mai gemu, daga ina ka fito?"

Bunsuru ya nuna can, ya nuna nan. Ya ce, "Daga sama."

"To, ai ka riga ka je ka dawo ke nan. Sannu da dawowa!"

Zabbi suka ɗauka baki ɗaya, "Sannu da dawowa! Yaya ka baro su?"

Bunsuru ya toshe kunne ɗaya, ya taka feda, ya bi hanyar da ta fi kusa da shi. Hanyar ta yi ta lanƙwasa a gindin tsauni. Ya ga wani dutse mai kama da tulu, ya ce ya san shi. Ya ga wani, shi ma kamar tulu. Daga nan duk duwatsun duniya suka koma masa tuluna.

Yana cikin haka sai ga mararraba a gabansa. Ya yi hamdala, ya sauka ya nemi alama. Babu komai sai wani gwaigwayayyen itace a gefe.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗaga itacen yana faɗa: "Wane marar tarbiyya ne ya cinye alamar matafiya? Dubi yadda ya gwaigwaye shi, ko kunya babu! Wallahi da zan kama shi, da sai ya yaba wa aya zaƙinta!"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan tun ɗazu."

Ya waiwaya. Bushiya ce zaune a gindin wata bishiya, kekenta a jingine.

Bunsuru ya zaro ido. "Yaya Bushiya! Ta ina kika bi kika riga ni?"

"Ni ban riga kowa ba. Ga ni dai a mararraba ta biyu."

"Ta huɗu dai!"

"Ta biyu. A ta farko ban tarar da reshe ba, sai da na koma ƙauye na yi tambaya. Nan kuwa ba gida ba gona, na rasa wanda zan tambaya. Kai ba kana gabana ba? Me ya fito da kai ta nan?"

"Ai ina gaban naki."

"To, me kake yi a inda nake?"

Bunsuru ya dubi itacen da ke hannunsa. Ceɗiya ce. Ya dubi gurbin haƙoran da ke jiki, ya ga kamar ya san su. Sannu a hankali ya mayar da hannun bayansa. Ashe tsaunin ya zaga ya dawo inda ya taso.

Bushiya ta ƙura masa ido. "Me ya sa gemunka ya yi kore?"

"Haka yake yi idan na sha rana."

"Bunsuru, kai ka ci rassan nan?"

"Ni? Haba, Yaya! Ni da nake azumin harawa? Ko ganye ɗaya..."

Ƙululululu! Cikinsa ya amsa, har tsuntsayen da ke kan bishiya suka tashi. Ya dafe shi da hannu biyu, ya jefar da keke, ya yi bayan dutse a guje.

Da ya dawo, bai ƙara yin musu ba. Ya faɗi na zogale, ya faɗi na ceɗiya, ya faɗi na mai baurin. Maganar kasonta ce kaɗai ta maƙale masa, amma Bushiya ba yarinya ba ce.

"Wato so ka yi in kwana a daji don ƙwaryar gyaɗata," in ji ta. Abin ya yi mata ciwo, har ƙayoyinta suka miƙe. Sannan ta ce, "To, tunda alamun duk suna cikinka, sai ka yi magana. A nan wace hanya aka rufe?"

"Waccan da na fito."

"A ta gaba fa?"

"Ban sani ba. Amma ko me za ki yi, kada ki bi gangara. Zabbi ne a ƙasa."

Ƙululu! Ya sake zabura.

Bushiya ta hau kekenta. Ta ɗaga murya don ya ji daga bayan dutsen: "Ni na yi gaba. Duk reshen da na tarar zan jefa shi cikin kwari, in tara maka duwatsu a madadinsa. Su dai na san ba ka cin su."

Haka kuwa aka yi. Bunsuru ya biyo tarin duwatsu, ya tura keke kaɗan, ya ruga daji, ya dawo ya ci gaba da turawa. Hawan da ya guje wa da ƙarfinsa, sai ga shi yana hawansa ba ƙarfi. Rana na gab da faɗuwa ya shiga Kan Tsauni, harshe a waje.

Goggo Rema ta tarye shi da murna. "Sannu da hanya, ɗana! Kai kaɗai muke jira. Ku kawo masa kasonsa."

Aka dire damin harawa a gabansa, kore shar, har ya fi yadda ya yi ta mafarkinsa. Ga dusa, ga dankali. Bunsuru ya sunkuya, ƙamshin ya bugi hancinsa, sai cikin ya murɗa. Ya ɗaga kai. Ya sake gwadawa, ya kai baki har ganye ya taɓa leɓensa. Ina! Ko tsinke ya kasa ɗauka.

"Ci mana, ɗana. Ko ba ta yi maka ba?"

Hawaye suka cika masa ido. Ya ce, "Goggo, ta yi. Don Allah, ta ina ake zagayawa?"

Kurege ya riƙe baki. "Kai, filaskon ma ka ci? Ai na zaɓe shi ne don na san babu mai hankalin da zai taɓa shi!"

Goggo Rema ta ce ɗanyar harawa ba ta kwana a ɗaure, kada ta lalace. Ta kira jikokinta. Bunsuru yana kwance a gefe, an miƙa masa ruwan ɗumi a ƙoƙo, yana kallo 'yan remaye suka kewaye daminsa suka cinye shi tas. Bushiya kuwa tana kusa da shi tana ɓare gyaɗarta ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da aka ajiye don amfanin kowa ba naka ba ne kai kaɗai, ko da kai ka fara isa wurinsa. Mai kwaɗayin da ya ɓatar wa ɗan'uwansa hanya, shi ne yake fara ɓata. Kuma wanda ya kasa haƙuri da ɗan ganyen bakin hanya, yana iya isa wurin babban rabonsa ya tarar ba shi da cikin da zai ci.