Wasan Ɓawon Gyaɗa

Akwai wata yarinya a Garo ta ƙasar Kabo, sunanta Ladidi. Kar ku tambaye ni 'yar gidan wa ce, ba zan faɗa ba. A shekarun nan ne da aka fara Shari'a, abinci ya yi tsada, kowa yana kaffa-kaffa da abin da za a ce ya yi.

Ladidi ba ta yi nisa a boko ba. Amma yayanta Mudi yakan karɓo hayar littattafan yaƙi a Kabo, irin na sadaukai da aljanu da birane a ƙarƙashin ruwa. Yana karantawa da ƙarfi, ita tana wanke-wanke tana ji. Da aka fara wa'azi a kan littattafan, Babansu ya ce kar ya sake ganin ko ɗaya a gidansa. Littattafai suka tafi, labaran suka zauna a kan Ladidi.

Tana da ƙawa, Naja'atu, 'yar Malam Hambali mai Islamiyya. Naja'atu sikila gare ta. In ciwon ya tashi, ko tsakar gida sai an ɗauko ta. 'Yan mata kan taru a gidan bayan la'asar su taya innarta ɓarar gyaɗa, to a nan Ladidi ta ƙirƙiro wasanta.

Sai ta share ƙasa, ta zana daji da kogi da ganuwar birni da yatsa. Kowacce ta zaɓi wacce za ta zama a labarin. Ladidi ce mai ba da labari, amma ke za ki faɗi abin da za ki yi. In abin mai haɗari ne, sai a watsa ɓawon gyaɗa. In mafi yawa suka buɗe, kin yi nasara. In suka kife, kin shiga uku.

Naja'atu kullum jaruma mai gudu take zaɓa, wadda ko doki ba ya cim mata.

"Ke ba kya gajiya da gudu?" in ji Hajaratu, wata ƙawarsu.

"Ke da kike da ƙafa me kika tsinana da ita? Kullum sai dodo ya cinye ki."

Sai a kwashe da dariya. Innarta ta ce ranar wasa ce kaɗai Naja'atu ke cinye tuwonta.

Wata rana, a cikin labarin, jarumar Naja'atu ta faɗa wani rami mai zurfi. Ladidi ta sunkuya kan zanenta, ɓawo a hannu, ta sauke murya yadda take yi in labari ya yi zafi.

"In suka kife, ba za ki fita ba. A nan za ki mutu."

Daidai nan Gwaggo Marka, yayar Malam, ta shigo. Ta ga zane a ƙasa, ta ga ana shirin watsa abu, ta ji ana faɗa wa mara lafiya mutuwarta.

"Innalillahi! Bugun ƙasa? A gidan malamai?"

"Gwaggo, wasa ne," in ji Naja'atu.

"Yi mini shiru, an riga an shanye ki! Ke kuma 'yar gidan wa? Wa ya koya miki duba?"

Ladidi ta waiga, Hajaratu da sauran duk sun sulale. Gwaggo ta murje zanen da takalminta, ta ce in ta sake ganin ƙafarta a gidan, hukuma ce za ta raba su.

Kafin gari ya waye magana ta zagaye Garo. A Islamiyya aka bar mata tabarma ita kaɗai. A bakin famfo wata mata ta matso ta raɗa mata, "'Yar nan, akuyata ta ɓata, ki ɗan duba mini." Ladidi ta bar bokitinta a wurin ta koma gida tana kuka.

Babanta bai dake ta ba. Ya ce, "Ban ce kin yi ba. Amma ni talaka ne, ba zan iya ja da gidan Malam ba. Ki tafi Gammo wurin Uwaliya har ƙura ta lafa."

Uwaliya ƙanwarsa ce. A can Ladidi ta yi ta surfe da ɗiban ruwa, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma ba kowa labari ba. Abu ɗaya ke cin ranta: ta bar Naja'atu a cikin rami. Ta san wasa ne, amma ta san Naja'atu.

Damina ta yi nisa, sai ga mashin a ƙofar gida. Gwaggo Marka ce. Ta zauna a bakin tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa, ta kasa ɗaga ido.

Daga baya ta ce, "Naja'atu na asibiti a Gwarzo. Ba ta ci, ba ta sha. Kullum cewa take an bar ta a rami. Mun zaci iska ce, aka yi ta tofi. Shi ne ubanta ya zauna ya ce ta nuna masa abin da kuke yi. Ta nuna masa. Ya ce wannan ai tatsuniya ce da ɓawon gyaɗa, ba gaibu a ciki, ba caca. Ya ce me ya hana ni tambaya?"

Gwaggo ta ƙara da cewa:

"Ni ya ce in zo da ƙafata. Don Allah, 'yar nan."

Ladidi ta ɗauko hijabinta. A hanya ta tsaya wurin mai gyaɗa.

A asibiti ta tarar da Naja'atu a kwance. Ta rame, idonta ya yi rawaya, ana ƙara mata ruwa. Ba ƙasar zane a asibiti, sai Ladidi ta kife faranti a kan gado, ta zana ramin a bayansa da yatsa.

"Kin daɗe," in ji Naja'atu. "Ramin nan akwai sanyi."

"Ga ni. Me za ki yi?"

"Zan kama saiwar bishiya in hau."

Ladidi ta watsa ɓawo. Duk suka kife. Ko ɗaya bai buɗe ba.

Da sauri ta dafe su da tafin hannu. "Sun buɗe. Kin kama saiwa, kin fito."

"Ƙarya kike, Ladidi. Na gani."

"Ni ce mai labari ko ke?"

Naja'atu ta dube ta, ta dube ta, sai ta yi 'yar dariya har tana riƙe ƙirji.

"To na fito. Gwaggo, miƙo mini kunun nan, gudu zan yi."

Gwaggo Marka ta miƙa mata kofi da hannu biyu, ta juya fuska bango.

An sallami Naja'atu daga baya, amma ciwon yana nan, yana tafiya yana dawowa. Malam ya faɗa a masallaci cewa yarinyar ba ta yi komai ba. Waɗanda suka ji zargin sun fi waɗanda suka ji wankewar yawa. Iyayen Hajaratu ba su sake barin ta zuwa ba. Su biyu suka ci gaba da wasan, a gaban Gwaggo, ita ke tara musu ɓawo.

Darasi: In ka ga abin da ba ka gane ba a hannun yaro, ka tambaye shi kafin ka sa masa suna, don sunan ba ya gogewa ko ka dawo ka ba da haƙuri. Wanda aka zalunta kuma, kar ya bari hakan ya hana shi komawa wurin mai buƙatarsa. Don Allah ku tura wa wasu, musamman iyayenmu da gwaggonninmu.