Bakan Biri da Wutsiyar Kurege

An yi wani Kurege a gindin wata tsohuwar kuka, ɗan ƙarami mai rawar kai, wanda in abu ya shiga ransa ba ya barin kowa ya huta. A dajin akwai Biri, gwanin harbi ne ba ƙarya, sai dai girman kansa ya fi bakansa tsawo. Akwai kuma Inna Beguwa, tsohuwar da ke shugabantar maharba, ita da aka haifa da kibiyoyi a gadon baya.

Kowace shekara in an gama girbi, maharba sukan fita farautar Shaho, wanda ke sure musu 'ya'ya. Ranar da Kurege ya ga dawowarsu, ana kiɗa ana guɗa, kowa da kwari a kafaɗa, sai abin ya tafi da hankalinsa. Ya ƙudura a ransa fita ta gaba da shi za a yi.

Da gudu ya isa gidan Inna Beguwa, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Inna, ni ma maharbi nake so in zama! Yau ɗin nan!"

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Yau ɗin nan? To madalla. Ka taɓa riƙe baka?"

"A'a, amma na gani ana yi, ai ba wuya."

Tsohuwa ta yi dariya har kibiyoyin bayanta suka yi ƙara. Ta ba shi ɗan ƙaramin baka da kibiyoyin kara, ta ce, "Je ka ka yi ta harbi har damina ta wuce. Kullum in ka gama, ka kwance tsarkiya, ka shafa mata man kaɗe, ka ajiye bakan inda ruwa ba ya taɓawa. Bayan girbi akwai gwaji. Wanda ya ci, shi ke bin mu."

Kurege ya fito yana tsalle kamar an yi masa bushara da gidan Aljanna. Ya jingina wata ruɓaɓɓiyar kabewa a jikin kuka, ya ɗana kibiya, ya ja, ya saki. Ashe don murna wutsiyarsa ta miƙe ta shiga tsakanin baka da tsarkiya. Fyat! Kibiya ta faɗi a gabansa, gashin wutsiya ya tashi sama.

"Wayyo wutsiyata!"

Daga kan reshe Biri ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. "Kai yaro, Shaho kake nema ko aski kake yi wa kanka?"

Kurege ya ji zafi, amma shi ma dariyar ta kama shi. Ya samo igiya ya ɗaure wutsiyar a ƙugu, ya sake ɗanawa.

Haka ya yi ta fama. Wata kibiyar ta bi ta saman kuka, wata ta faɗa cikin miyar maƙwabta, har matan unguwa suka koma girki a bayan gida. Yatsunsa suka yi kanta. Ranar da ya fara samun kabewar kuwa, sai da duk dajin ya sani, don gida-gida ya bi da ita a ka yana nuna hujin.

Da hannunsa ya faɗa, sai ya tuna Shaho ba zai tsaya masa kamar kabewa ba. Ya koma hawa tudu yana gangaro da 'ya'yan goruba, yana harbinsu suna gudu. Da yamma ya kwance tsarkiya, ya shafa mata mai, ya rataye baka a ɗaki yana yi masa sai da safe.

Biri fa? Tun farkon damina bai harba ko kibiya ɗaya ba. Amma bakan nan yana kafaɗarsa a ɗaure tamau, kasuwa da shi, gidan suna da shi, cikin ruwa cikin rana, don kowa ya san maharbi ya iso.

Kurege ya tare shi ya ce, "Yaya Biri, ruwa fa na dukan tsarkiyarka. Inna ta ce a riƙa kwancewa."

"Ji min ɗan tsagera! Jiya-jiya ka fara, har za ka koya mini? In na kwance, wa zai san baka ne ba sanda ba? Kauce ka ba ni wuri!"

Aka gama girbi, ranar gwaji ta zo. Inna Beguwa ta sa aka rataye busasshen ɗan kuka da doguwar igiya, a riƙa kaɗa shi yana lilo. Kowa kibiya biyu gare shi.

Kafin a fara, Biri ya ɗaga hannu yana kallon Kurege ta wutsiyar ido. "Inna, ina da shawara. Wanda duk ya kasa, kada a bar shi a gida. Ya biyo mu da gorunan ruwa a ka, yana yi mana kirari."

"Ka tabbata?" in ji Inna.

"Daram!"

"To, an ji. Kurege, bismilla."

Gaban Kurege ya faɗi. Shekara guda yana jiran wannan rana. Ya saki kibiyar farko, ta wuce can gefe. Biri ya yi shewa. "A fara wanke goruna!"

Saura ɗaya. Kurege ya ƙara tamke igiyar wutsiyarsa, ya ja numfashi. Ya bi ɗan kukan da ido, ya tafi, ya dawo, ya tafi. Daidai inda lilon ke ɗan tsayawa kafin ya juyo, nan ya saki.

Ƙwas! Ɗan kuka ya dare biyu, farin garin cikinsa ya zubo. Yara suka ruga suna lasa, mata suka rangaɗa guɗa. Kurege ya yi tsalle har igiyar ta tsinke, wutsiya ta miƙe abinta.

Aka rataye wani. Biri ya fito yana taƙama, ya ɗana, ya ja. Amma itacen bakan ya riga ya saba da lanƙwasa, tsarkiya kuma ta sha ruwa ta saki. Kibiya ta ɗan yi tsalle ta faɗi a kan ɗan yatsan ƙafarsa.

"Iska ce! Wallahi iska ce!"

"Ko ganye bai motsa ba, ɗana," in ji Inna. "Sake."

Biri ya fusata, ya ja da iya ƙarfinsa. Tsarkiyar da ta daɗe da ruɓewa ta tsinke, ta zane shi a hanci. Ya yar da baka ya dafe fuska, jama'a kuwa dariya har da masu faɗuwa.

Kashegari da hantsi maharba suka kama hanya. Kurege na cikin sahun gaba da sabon kwari, bakinsa ya ƙi rufuwa. Can baya ga Biri da kumburarren hanci, goruna sun yi masa yawa.

Inna ta waiwaya. "Mai ruwa, ba mu ji kirari ba."

Biri ya ce can ƙasa-ƙasa, "Sai Kurege, maharbi."

"Ɗaga murya, Yaya," in ji Kurege. "Shaho ma yana so ya ji."

Darasin wannan labari shi ne, gwaninta ba kayan ado ba ce da za a rataya a kafaɗa a yi ta yawo. Wanda ya daina gwaji ya daina kula da kayan aikinsa, iyawarsa za ta zube bai sani ba. Kuma kada ka raina mai koyo don yana kuskure, domin mai kuskure yana sakewa kullum, wata rana kai za ka bi shi a baya.