Huda ta Goma a Takardar Kofur Jatau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa. Ba zan faɗi garin ba, ba shi ne abin ji ba. Sunansa Jatau. Kofur Jatau. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Kai na baya, ajiye wayar nan.

Ɗan damara ne, amma ba irin wanda kuke gani a bakin titi ba. Aikinsa a ɗakin makamai yake. Ya kwance bindiga, ya goge, ya sa mata mai, ya haɗa, ya miƙa wa mai ita. Shekara ashirin da shida yana wannan. Waɗanda ya koya wa riƙon bindiga suka wuce shi, suka zama manyansa, yana sara musu. Bai taɓa cewa uffan ba.

Abu ɗaya Allah ya ba shi: hannu. In ya miƙa hannu da ƙaramar bindiga, wadda ake ce wa fistol, sai ka ce an kafe shi da ƙusa. Kuma kafin a je a duba, yakan faɗi inda harsashi ya sauka. Ya ce sama kaɗan, a tarar sama kaɗan. Ya ce dama, a tarar dama.

To, duk shekara jiha tana tara gwanayen harbi daga kowane bariki, a yi gasa. Wanda ya zo na ɗaya shi ke ɗaukar kofi, shi kuma ake turawa ya wakilci jiha a gasar ƙasa. Jatau bai taɓa shiga ba. Kullum sai a ce, wa zai raba harsashi in ka shiga? Sai a shekararsa ta ƙarshe, ritaya ta matso, ido ya fara hazo, aka ce to, Kofur, je ka gwada. Sau ɗaya ke nan. Babu na biyu.

Matarsa Azumi da ta ji, sai ta sauke kwanukanta daga saman kabad, ta goge wurin, ta shimfiɗa farin ƙyalle.

Ya ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Wurin kofi ne.”

“Azumi, ba a ci ba tukuna.”

“Ni dai na share wuri.”

Ku saurara in gaya muku yadda ake abin, don kada ku ɓata a hanya. Masu harbi suna tsayawa a jere. Kowa da takardarsa can gaba, kamar taku talatin, an manna ta a jikin katako mai ƙafa biyu. A takardar akwai zobe cikin zobe. Tsakiya maki goma, na kusa da ita tara, haka har waje. Hannu ɗaya ake harbi da shi. Harsashi goma ake ba kowa. In an gama sai alƙali ya je ya ƙirga huda. A zamanin babu na’ura, ido ne da fensir.

Kwana biyu ana tankaɗe mutane, Jatau yana wucewa. Rana ta uku, zagayen ƙarshe, da hantsi, zafin bazara ya sauko. A hagunsa Saje Bitrus, abokinsa ne, suna kai wa juna abincin salla da na Kirsimeti. A damansa Sufeto Gambo, wanda ya ɗauki kofin shekara biyu a jere.

Gambo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Kofur, wa ka bar wa tsumman goge-goge? In ka gama ga tawa nan, ta yi ƙura.”

Jatau ya ce, “To, yallaɓai.”

Aka busa usur. Ɗaya. Biyu. Uku. Har bakwai, kowanne yana jin sa a hannu, ya san lafiya ya tafi. Na takwas, ya ɗaga, ya riƙe numfashi, yatsa ya hau kunamar bindiga. Daidai nan bindigar Bitrus ta tashi. Kun san in an harba, kwanson harsashi yakan yi tsalle gefe, da zafi kamar garwashi. Kwanson nan ya taso ya faɗa cikin wuyan rigar Jatau. Ya zabura. Tasa bindigar ta tashi. Ya ji bakinta ya yi ƙasa, ya yi hagu.

A ransa ya ce, inna lillahi. Wannan ko takarda bai taɓa ba.

Ya harba sauran biyun, ya ajiye bindiga. Ya riga ya haƙura. Tunaninsa ɗaya, me zai ce wa Azumi.

Alƙalin gasar wani tsohon soja ne mai ritaya, ana ce masa Baba Manjo. Aka kawo takardu, yana zura fensir a kowace huda yana ƙirgawa. Gambo, huda goma, maki casa’in da uku. Bitrus, huda tara. Baba Manjo ya sake ƙirgawa. Tara. Ya ce, ɗaya ya ɓace, ya wuce. Ya zo ta Jatau. Huda goma cif. Shida a tsakiya, huɗu a zoben tara. Casa’in da shida.

Wuri ya ɗauki ihu. Mutanen barikinsu suka rufe shi, wannan ya ja hannu, wancan ya daki kafaɗa.

Shi kuwa Jatau yana tsaye kamar an kwaɗa masa sanda a ka. Ya karɓi takardar, ya ƙirga da yatsa. Goma. Ya juya bayanta ya ƙirga. Goma. To, wa ya harba ta goman? Ko hannun ne ya yi ƙarya yau? Ko tsufa ne, har ya fara jin abin da bai faru ba? Ko Allah ne ya karkato harsashin don tausayinsa? Allah mai iko ne, ai zai iya. Ya kai hannu wuya. Ƙunar tana nan, har ta tashi. Ya dubi takardar Bitrus mai huda tara. Ya dubi tasa. Ya sake duban ta Bitrus.

Ya je gaban teburin alƙali, ya ƙame.

“Yallaɓai, akwai magana.”

“Ka yi ta bayan an ba ka kofi.”

“Yallaɓai, huda ɗaya a takardar nan ba tawa ba ce.”

Baba Manjo ya cire tabarau. “Wacce?”

“Ban sani ba.”

“Ka ga inda harsashinka ya tafi?”

“Ban gani ba.”

“To, me ka sani?”

“Na san hannuna, yallaɓai. Na takwas ya yi ƙasa, ya yi hagu.”

Baba Manjo ya ce, “Kofur, shekara goma sha biyu ina alƙalancin nan. Na ga mai rantsuwa da Alƙur’ani takwas ɗinsa tara ce. Na ga mai faɗaɗa huda da farce. Yau na fara ganin mai rigima da gomarsa. Rana ce ta buge ka? A ba shi ruwa.”

“Na sha ruwa, yallaɓai.”

“Ka san in na cire huda ɗaya, ko wacce ce, ka faɗo ƙasan Gambo?”

“Na sani.”

Gambo yana gefe yana ji. Ya kasa gane gaba, ya kasa gane baya. Ya ce, “Wace dabara ce kuma wannan? Baba Manjo, ku lura da shi, akwai abin da yake shiryawa.”

Sai Bitrus ya kamo hannun Jatau ya ja shi bayan rumfa, gumi na zuba masa. Ya ce, “Jatau, don girman Allah ka yi shiru. Ni kaina ban sani ba. Na rantse takardata na auna. Amma in aka ce na harbi takardar wani, za a rage mini maki, a rubuta a takardar aikina, yaran da nake koya wa harbi su yi mini waƙa a bariki. In ka yi shiru, ni kuskure kawai na yi, kai ka ci. In ka yi magana, ni na sha kunya, kai ka faɗi, wancan mai ce maka ɗan goge-goge ya ɗauki kofi. Wa ka taimaka? Gaya mini, wa ka taimaka?”

To, ku ma ku amsa mini. Wa ya taimaka? Babu wanda ya kama shi. Babu wanda ya tambaye shi. Bai sata ba, bai roƙa ba, a takardarsa aka tarar. Alƙali ya yarda, abokinsa yana roƙo, shi kansa bai da tabbas. Na ga kun yi shiru.

Can Jatau ya ce, “Bitrus, ban ce kai ka harba ba. Cewa na yi ba ni ba ne.”

“Ai ɗaya ne!”

“Wataƙila. Kaina ya ɗaure, wallahi. Amma in na kai kofin nan gida, kullum na shiga ɗaki sai na ƙirga huda.”

Ya koma ya roƙi Baba Manjo a je a duba katakon. Tsoho ya yi tsaki, ya ce a ajiye bindigogi duka. Suka taka su huɗu cikin rana: alƙali, Jatau, Bitrus, Gambo. Jama’a na kallo daga rumfa, ba wanda ya san abin da ake nema.

Katakon tsoho ne, ya sha harbi shekara da shekaru. Huda ko’ina, duk sun yi baƙi. Suka duba ƙasa, suka duba hagu. Baba Manjo ya shafa da hannu. Babu sabuwa. Gambo ma ya duƙa ya duba da kyau, shi da ke son a samu. Babu.

Baba Manjo ya miƙe ya kaɗe gwiwa. “Shi ke nan. Ka sauke nauyi, Kofur. Mun duba, ba mu gani ba. Takarda ta ce goma, goma ce. Mu je ka karɓi abinka.”

Bitrus ya sauke ajiyar zuciya. Jatau ma, ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya ji. Mutum ne. Ya ce a ransa, ashe hannun ne ya ruɗe ni, alhamdu lillahi.

Suka juya. Su ukun suna gaba, shi yana baya. Yana ɗaga ƙafa sai idonsa ya faɗa can gindin ƙafar katakon ta hagu, inda busasshiyar ciyawa ta rufe. Wani ɗan fari-fari. Tsagewar katako, sabuwa, ko ƙura ba ta hau ba.

Ku saurara. Nan ne wurin. Na farko da sauƙi, don yana cikin shakka. Yanzu ya gani. Shi kaɗai ya gani. Sun ba shi baya. Alƙali ya riga ya yanke. Ya faɗa, an duba, an ce babu. Wa zai ce bai yi gaskiya ba? Taku talatin ne tsakaninsa da kofi, da gasar ƙasa, da farin ƙyallen Azumi.

Ƙafar da ya ɗaga ta ƙi sauka gaba.

Ya ce, “Yallaɓai.” Ba su ji ba. Ya sake cewa, “Yallaɓai. Ga shi nan.”

Ya duƙa, ya ture ciyawa, ya sa wuƙar aljihu ya ƙwaƙulo harsashin. Ya lotse kamar ƙwallon goruba da aka taka. Baba Manjo ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya dubi katakon.

Ya ce, “Ƙasa, hagu. Ka faɗa tun ba mu zo ba.” Ya mayar masa da shi.

Aka cire huda ɗaya. Gambo ya ɗauki kofi. Ya riƙe shi a gaban mai hoto, ya rasa fuskar da zai yi, dariya ko ɗaurewa. Bitrus ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar Jatau. A motar komawa bariki wasu suka ce wawa ne, wasu suka ce asiri aka yi masa, wani ya ce ko Gambo ne ya saye shi. Har aka sauka ba su daidaita ba.

Ya isa gida bayan la’asar. Azumi ta leƙa bayansa, ta leƙa jakarsa.

“Ina kofin?”

Ya sa hannu a aljihu, ya ɗauko lotsattsen harsashin, ya ɗora a tsakiyar farin ƙyallen.

“Malam, mene ne wannan?”

Ya ce, “Shi ne nawa.”

Ba ta gane ba. Ya yi mata bayani, ta ce ya sake. Ya sake, ta ce ita dai har yanzu ba ta gane ba. Amma ba ta mayar da kwanukanta wurin ba, har ya bar duniya.

Na ga kuna jira in ce daga baya an kira shi an ƙara masa girma. Ba a kira shi ba. Da kofur ya yi ritaya. Gasar ƙasa bai taɓa ganin ƙofarta ba. Ni ba tatsuniya nake muku ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Gaskiya ba ita ce ka faɗa in an kama ka ba. Ba kuma ita ce ka faɗa sau ɗaya a hankali, kana addu’a kada a ji ba. Gaskiya ita ce ka mayar da abin da ba naka ba, ko kowa ya ce naka ne, ko wanda zai amfana maƙiyinka ne, ko kai kaɗai ka gani.

Kai da iyakar gonarka ta matsa kunya biyu, ka ce ruwa ne ya ture dutsen. Kai da tunkiyar wani ta shigo garkenka, ka ce ai babu wanda ya zo cigiya. Kai da aka yaba maka a wurin aiki kan abin da na ƙasa da kai ya yi, ka yi murmushi ka ce na gode. Ba ku sata ba, na sani. A takardarku aka tarar. Amma kowannenku ya san hannunsa.

Akwai ranar da za a ƙirga huda, kuma ba Baba Manjo ne zai ƙirga ba. Ranar nan babu ciyawar da za ta rufe komai. Kowa ya koma ya duba gindin katakonsa tun yana da ƙafar komawa. Allah ya sa mu iya. Ku tashi, an kira salla.