Jibo da Kurminsa

An yi wani mutum a wani gari can da, bawan Allah ne, ana ce masa Jibo. Sana'arsa turkar shanu, in sun yi ƙiba ya sayar wa mahauta. Garin kuwa, jama'a, garin cin nama ne. Tsire da rana, balangu da yamma, miyar da babu tsoka ba a kallonta.

Shanu suka yi yawa, ciyawa ta ƙare. Aka koma sare rassan gawo ana ba dabbobi, masu tsire su ƙone kututturen. Ku saurara. Damina ta fara makara, iska tana kwashe ƙasar gona, tafkin gari ya koma laka.

Jibo ya ruɗe. Ya je wajen liman ya ce, "Allah gafarta Malam, nama haram ne?"

"Halal ne, Jibo."

"Kiwon nawa fa?"

"Shi ma halal."

"To me ya sa in na dubi dajin nan nake jin kamar na yi sata?"

Liman ya ce shi ma bai sani ba.

Kurmi ɗaya ya rage a garin, gadon Jibo ne. Sarkin fawa ya same shi ya ce, "Sallah ta matso. Sare kurmin nan ka ciyar da shanunka, duk zan saya."

Jibo ya saɓa gatari ya tafi. Ya tarar da wata tsohuwa, Iya Tabawa, tana jan ruwa a wata 'yar rijiya da ke inuwar kurmin. Ta dubi gatarin ta ce, "Ɗan nan, nan kaɗai ruwa ya rage mana."

Ya tsaya, ya tsaya, ya juya gida. Ya sayar da shanun a rame, ya yi asara.

Matarsa ta ce, "Malam, daidai ka yi kuwa?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Ladi. Hannuna ne ya ƙi."

Mutane suka ce ya zautu. Ya talauce, har ya rasu bai tabbatar ko ya yi daidai ba. Amma rijiyar ba ta ƙafe ba, ita garin ya sha a shekarun fari.

'Yan'uwa, halal ba lasisin ɓarna ba ne. In ka ruɗe, zaɓi abin da ba zai cutar da kowa ba. Kai da ba ka kwana sai da ƙunshin tsire, akwai itacen da aka sare da ruwan da aka shanye kafin ya iso hannunka. Ci, amma rage. Allah Ya ganar da mu.